Ranin da Na Yi Ina Kallon Ƙanƙara

Kawun mai ɗakina yana da wata gona a Karakkai, ta ƙasar Bunguɗu, wadda ta yi damina biyu ba a taɓa ta ba tun da 'ya'yansa suka koma kasuwanci. Bayan an gama kaka ya aiko in zo. Na je, na durƙusa na gaishe shi a ƙofar gida, aka kawo fura, muka yi hirar hanya da ta tsadar hatsi. Sai da na yi sallama na miƙe sannan ya ce, yana kallon wani wuri dabam, "Wagga gona ta bakin rafi, in kana so, ka kawo taki."

Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma a wajenmu magana ta ƙare. Aron gona ba a rubuta shi. Takin da mutum ya kai da rani, ya zuba shi tsibi-tsibi, shi ne shaidarsa. Duk mai wucewa zai gani ya san gonar nan tana da mai ita bana. In kuwa rani ya yi nisa ba a ga tsibi ko ɗaya ba, ka ce ba ka so ke nan, ko da bakinka bai furta ba. Kuma dattijo ba zai sake aika wa surukinsa da tuni ba. Da kunya.

Na san duk wannan tun ina yaro. Da shi na fara don kada wani ya nema mini uzurin rashin sani.

Asalinmu wani ƙauye ne a bayan Tsafe. Mun baro shi ne dawa tana tsaye, ta fara ja, saura kaɗan a yanka. Ba zan ba da labarin tasowarmu ba. A Gusau kowa yana da irinsa, na wasu ma ya fi nawa muni. Muka sami ɗaki ɗaya a gidan haya a Sabon Gari, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu uku. Na samu zama a rumfar wani Alhaji mai hatsi, in auna wa mata gero da tiya, in ɗinke bakin buhu, in kori awaki. Gonar Kawu ita ce hanya ɗaya da ta rage mana ta mu ci abin da muka shuka da hannunmu. Mai ɗakina ta san haka. Ni ma na sani, amma sanin bai taɓa ni ba. Tun da muka taso na zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: tana nan, in an tsunkule ta ana gani, ba a ji. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwa. Ba na kuka, ba na dariya, kuma ban ɗauki hakan ciwo ba.

Ƙanena, autanmu, shi ne ya yi karatu. Ni a firamare na tsaya. Karatun ya kai shi Turkiyya, da ya gama kuma bai dawo ba, don ba inda zai dawo. Da sanyin can ya kama, ya samu aiki a wani ɗan ƙaramin wurin wasa a jikin dutse, inda mutane ke zuwa zamiya a kan dusar ƙanƙara. Suna ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, su riƙe sanda a kowane hannu, su gangaro daga sama. Akwai kujeru rataye a jikin igiyar ƙarfe da ke ɗaukar su zuwa bisa. Aikin ƙanena shi ne ya tsaya a gindin igiyar ya tare kujera har mutum ya zauna. Ya ce wurin ba babba ba ne: hanyoyin gangarowa uku, ɗakin shan shayi ɗaya, kuma yawancin ma'aikatan mutanen ƙauyen da ke ƙasan dutsen ne.

Shi ya aiko mini da wayar da nake riƙe da ita. Wata rana ya turo wani shafi, ya ce, "Yaya, taɓa nan, za ka ga inda nike." Na taɓa. A sama an jera ranakun mako, kowace da hotonta: rana, ko gajimare, ko gajimare da wasu 'yan taurari suna zubowa daga ƙarƙashinsa, su ne ƙanƙarar. Akwai kibiya mai nuna iska. Akwai lamba biyu, zurfin ƙanƙara a kan dutsen da kuma a gindinsa. Akwai ɗigo uku na hanyoyin nan, ja in an rufe, kore in an buɗe. A ƙasan duka kuma hoton dutsen ne kansa, daga wata kyamara da aka kafa a kan ɗakin shayin, yana sakewa bayan ɗan lokaci.

Ranar farko ban ga fari ba. Dutse ne ja-ja, da busasshiyar ciyawa, da kujeru a rataye ba kowa. Ɗigon nan uku duk ja.

Na ce, "To ina ƙanƙarar?"

Ya ce, "Ita muke jira, Yaya. Daminarmu ta yi jinkiri. In ba ta zo ba, ba a buɗewa."

Da ya ce damina sai na gyara zama. A ƙauyenmu ina cikin waɗanda ake tambaya in hadari ya taso gabas. Ba wani ilmi ba ne, kallo ne kawai na shekaru. Tun da muka zo Gusau ban ɗaga kai na dubi sama ba, har aka yi damina guda aka gama. Sai ga shi na samu wata sama a tafin hannuna, wadda ko ta bayar ko ta hana, ba abin da zai same ni.

Hasashen ya yi ta wasa da su. A sa taurari a ranar Alhamis, in Talata ta yi a matsar da su Asabar, in Juma'a ta yi su ɓace. Na san wannan halin. Haka hadari yake haɗuwa a kan duwatsun Tsafe, ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi. Da asuba, kafin in yi alwala, sai na duba. Wannan laifi ne, kuma tun a lokacin na san laifi ne.

Mai ɗakina ba ta jira ni ba. Ta bi maƙwabta masu awaki da tumaki tana share musu turke kyauta, ita ta kwashi kashin. Ta roƙi masu tuyar ƙosai da waina su riƙa tara mata toka. Buhunan da suka huje a rumfar Alhaji ni nake kawo mata, ita ta ɗinke. Wannan shi ne duk gudummawata. Tana cikawa tana jingine su a bayan ɗakinmu, kusa da makewayi.

Wata safiya ta ce, "Malam, mi kaka dubawa cikin wagga waya tun asuba?"

"Wurin aikin auta."

"Lahiya shike?"

"Lahiya lau. Ƙanƙara ce ba ta sauka ba."

Ta ɗaure bakin buhu da haƙori. "Allah shi saukar musu. Waɗanga sun kusa isa a kira mota."

Na ce, "Bari su ƙaru."

Ran nan na buɗe shafin, sai na zaci wayar ce ta lalace. Fari fat, ba dutse ba sama. Sai can na hango kujera ɗaya baƙa a rataye. Ƙanena ya turo murya yana haki yana dariya, ya ce ta kwana tana zuba, ta kai masa gwiwa, tun da safe suke haƙo ƙofar ɗakin shayi da shebur. Na ce masa, "Ya ƙanƙara?" kamar yadda muke gaisuwar ruwa. Ya ce, "Ta yi gyara, Yaya!" Daga ranar ta zama gaisuwarmu. Ɗigon hanyar yara ya koma kore, bayan kwana kaɗan na tsakiya ya bi shi. Na ukun, na hanya mai tsayin, ya daɗe yana ja, don akwai duwatsu a cikinta da sai ƙanƙara ta yi zurfi take rufe su.

Ba zan ce na yi murna ba. Abin da na ji shi ne shiru. In na kalli farin nan, cikin kaina yana zama kamarsa.

Na san wurin kamar na taɓa zuwa. Na san hayaƙin ɗakin shayin, da wani baƙin kare da ke kwanciya a gindin turken igiya, da motar makaranta da ke kawo yara tsakiyar mako. Ƙanena a hoton bai fi ƙwayar wake ba, amma rigar aikinsa ruwan goro ce, ina gane shi. Wani lokaci yakan je gaban kyamarar ya ɗaga hannu ya tsaya har hoton ya sake, don in gani. Sai in ga kaina na ɗaga nawa a tsakiyar kasuwa, da tiya a ɗayan hannun.

Na koyi abubuwa da yawa da ba za su amfane ni ba har in mutu. Na koyi cewa ƙanƙara iri-iri ce. Akwai sabuwa, busasshiya kamar garin masara, ita masu wasan suka fi so. Akwai jiƙaƙƙiya mai nauyi kamar ƙullu, mai wahalar da gwiwa. Akwai wadda ta narke da rana ta sake daskarewa, ta koma kamar daɓen siminti. Ranar irinta ake yawan karaya. Akwai wata mota mai faffaɗar ƙafa da ke bin hanyoyin kafin a buɗe tana baje ta, ta bar sawu layi-layi kamar an bi da garma. In sama ta hana, suna da injin da ke fesa ruwa cikin sanyi ya sauko ƙanƙara, noman raninsu ke nan, amma sai in sanyin ya kai, kuma tafkinsu ƙarami ne. In kibiyar iska ta yi kauri ana tsayar da kujeru, ko da ƙanƙara ta kai wuya, don kada ta kaɗo mutane.

Har na fara nawa hasashen. In dubi yadda gajimare ya kwanta a kafaɗar dutsen ta hagu, in ce wa ƙanena gobe za ta sauka. Wani lokaci ta sauka, sau da yawa ba ta sauka ba. Wannan sama ba tawa ba ce. Amma ya gaya wa abokan aikinsa, suka mai da abin wasa, kowace safiya su ce ya tambayo musu yayansa na Afirka. Abin kunya, wannan ya fi maganar gona shiga raina.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, direban a-kori-kura, yana jigila tsakanin Gusau da Bunguɗu. Yakan tsaya a rumfarmu ya ci gyaɗar Alhaji ba izini. Wata rana ya leƙo ta kafaɗata.

"Kai, mi an nan? Gari ne ya zube?"

"Ƙanƙara ce."

"Ta sayarwa? A sa a zoɓo?" Ya juya ya kira masu rumfunan kusa. "Ku zo ku gani, bawana ya zama Sarkin Ƙanƙara. Mutumin da ko firji bai taɓa mallaka ba!"

Suka taru. Na nuna musu wani bidiyo da ƙanena ya turo, wani ƙato ya gangaro ya wuntsila, katakansa ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma. Aka yi ta dariya. Alhaji ya ce, "Su waɗanga, biya suka yi a kai su bisa don su hwaɗo?" Na ce e. Ya girgiza kai ya ce, "Allah mai mutane." Taubashi ya ce ai mu ma mun yi, a kan fasasshiyar ƙwarya a dutsen bayan gari, wandunanmu su ne shaida, da bulalar da muka sha a kansu.

Da zai tafi ya rage murya. "Ranar kasuwar Bunguɗu wayam nike tahiya, sai a dawowa nika ɗauko kaya. In buhunanku sun shirya, ka yi magana. Ba sai ka biya ba."

Na ce, "Sai wani makon."

"Wane? Makonni da yawa Allah ya yi."

Ya ƙara ɗibar gyaɗa ya tafi.

Ana tsakiyar wasan aka yi musu ruwan sama. Iska mai ɗumi ta taso musu daga kudu, hoton taurari ya koma ɗigon ruwa. A can ruwa ɓarna ne, yana cin ƙanƙara kamar yadda gara ke cin zana. Na zauna a kan buhun gero ina kallon farin yana yin dabbare-dabbare, ƙasa tana leƙowa, lambar tana sauka, kore yana komawa ja. Sai na ji bakina ya ce, "Wanga ruwa bai kyauta ba." Ni, ɗan manomi jikan manomi. Mahaifina ya taɓa marina a kan abin da bai kai wannan ba, ranar da na yi tsaki don ruwa ya hana mu zuwa kasuwa. Na yi istigfari. Amma ban ajiye wayar ba, har sanyi ya dawo suka kunna injin suka like wuraren da suka yage.

Azumi ya kama cikin zafi. Buhunan bayan ɗaki suka fara wari in rana ta take. Matar ɗakin da ke kallon namu ta yi magana, mai gidan haya ya aiko. Mai ɗakina ta rufe su da tsohuwar tabarma da leda, ta bi ɗaki-ɗaki tana ba da haƙuri. Wata 'yar uwarta ta zo asibiti daga Karakkai, ta sauka wajenmu, ta ce amalanke da jakuna sun fara fita da taki, gonakin bakin rafi duk sun yi baƙi-baƙi. Ba ta ce komai game da ta Kawu ba. Ni ma ban tambaya ba.

Bayan ta tafi, da la'asar, mai ɗakina tana tankaɗen garin kunu, ni ina bakin ƙofa da wayata. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Malam, in hanya kaka tsoro, hwaɗa mini. Ba abin kunya ba ne. Kowa na tsoro."

"Ba tsoro ba ne."

"In aron ne ba ka so don na dangina ne, shi ma hwaɗi."

"Ba shi ba ne."

"To mi ne ne?"

Na duba cikina in samo mata amsa, ban tarar da komai ba. Da tsoro ne da na faɗa, da ta san abin da za ta yi da shi. Ita kuwa ba za ta iya kaiwa ita kaɗai ba. Ni aka ba, kuma in ta sauka a garinsu da buhuna ba mijinta, ta tona mini asiri a gaban danginta ke nan. Ta zaɓi ta rufa. Ni na bar ta da wannan zaɓin, ina sane.

Na ce, "Bayan salla."

Ta buga rariya a tafin hannunta. Ta ce, "Waccan gonar ta ƙauyenmu ma ni na tara mata taki. Ni ma can na baro shi."

Ta ci gaba da tankaɗe.

A makon ne aka yi musu babbar ƙanƙara ta ƙarshe. Ɗigo uku duk kore, motoci cike a gindin dutse, layi har bayan ɗakin shayi. Na bi ta tun tana taurari a jikin ranar Lahadi har ta sauka. Ba na iya tuna abin da muka sha ruwa da shi a ranakun nan, amma ina iya faɗin yadda ta kwanta a kan rufin ɗakin shayin, ta lanƙwaso ta gefe ɗaya ba ta faɗo ba.

Salla ta zo ta wuce. Rana ta yi ƙarfi a can ma. Hanyar yara ce ta fara rufewa, don ita ce a ƙasa, sai ta tsakiya, sai mai tsayin. Kujeru suka tsaya. Duk da haka ban daina dubawa ba. A gefen hoton, can ƙasa ta dama, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili da na saba gani fari, ban taɓa kula da shi ba don ba a wasa a cikinsa. Ran nan sai na ga wasu baƙaƙen ɗigo a kansa, a jere, tazararsu ɗaya. Na buɗa hoton da yatsu. Tun kafin ya fito sosai na gane. Ba manomin da zai ga wannan jerin bai gane ba.

Na kira ƙanena. Ya ce, "Kai Yaya, idonka! Gonar tsohon nan ce mai tuƙa motar baje ƙanƙara. Taki ne. A kanta suke zubawa tun ba ta gama narkewa ba, in ta narke sai ta shiga da shi ƙasa. Jiya na taya shi, har yanzu hannuna wari shike." Ya yi dariya. Ya ce duk ma'aikatan sun koma gona da kiwon tumaki, da ma wasan na lokacin da ƙasa ke rufe ne. Sannan ya ce, "Kai hwa? An gama kai na Karakkai?"

Ni na gaya masa maganar gonar tun ranar da Kawu ya yi ta. Na ma manta na gaya masa.

Na ce, "Ana kai."

Ƙarya ce, kuma ita ce ta farko da na yi masa. Na kashe wayar, na ce wa Alhaji ina zuwa, na tafi tasha neman taubashi.

Ranar kasuwa muka loda da safe. Mai ɗakina ta taya mu ɗagawa. Maƙwabta suka fito suna sa albarka, rabi dominmu rabi domin hancinsu. Ba ta bi mu ba. A hanya taubashi ya yi ta zolaya, ya ce yau ya ɗauko Sarki da kayan sarautarsa, a ba da hanya. Da muka bar kwalta ya yi shiru, kamar yadda kowa ke yi yanzu in an bar kwalta.

Ba mu shiga gari ba, muka zarce bakin rafi don mu sauke kafin mu je gaisuwa. Tun daga nesa na ga tsibi. An share gonar, an ƙone sassabe, an zuba taki daga kan iyaka har kusan tsakiya. Ƙananan tsibi ne, irin na wanda ke kawowa a ka ko a keke. Rabin gonar na ƙasa ba komai. Wani mutum yana ciki da kwando. Ya ajiye ya nufo mu. Zai yi sa'ana. Daga yadda yake kallon motar tun tana nesa na san shi ma tasowa ya yi.

Muka gaisa. Ya ce daga wajen Magami suke, ba su daɗe a nan ba, dattijon ya ba shi aro a tsakiyar azumi. Ya dubi buhunan, ya dube ni, ya gane.

Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam. An ce mini ba mai so."

Na ce, "Gaskiya aka hwaɗa maka."

Muka bar motar a nan muka shiga gari a ƙasa. Kawu yana ƙofar gida. Aka kawo fura. Ya tambayi ɗiyarsa da yara, ya tambayi auta na ƙasar waje, ko sanyi bai dame shi ba. Bai ambaci gona ba, ni ma ban ambata ba. Taubashi ne ya kasa haƙuri, ya ce, "Baba, da kaya muka zo hwa."

Kawu ya daɗe yana gyara zaman hularsa a kan gwiwa. Ya ce, "Na jira har na ji nauyin mutane. Wanga bawan Allah kullum ta gabanta shika wucewa da ɗiyansa. Shi yak kawo." Sannan ya ce da ni, bai dube ni ba, "Baɗi, in da rai."

Na ce na gode. Da gaske na gode. Bai gaya mini ko kalma ɗaya daga cikin waɗanda na cancanta ba.

Da muka koma wajen mota taubashi ya ce, "To, Sarki. Ba ni komawa Gusau da kashin awaki, ina da kayan ɗauka. A nemi mai saye? Yanzu taki bai kwantai."

Ba nawa ba ne da zan yanke. Na koma gefe, gindin wata ƙirya, na kira mai ɗakina. Na gaya mata yadda abin yake, ban rage ba ban ƙara ba. Ta cikin wayar ina jin ƙarar famfon gidan hayarmu da muryar matar ɗakin da ke kallon namu.

Ta ce, "Ka ce rabin ƙasa ba komai?"

"Ba komai."

"To a zuba mishi. Don wagga gona na tara shi." Sannan ta ce, "Kai za ka zuba, Malam. Ba direba ba."

Mutumin ya ƙi da farko, ya ce ba zai iya ba, da wane ido. Taubashi ya ce masa, "Da idon da kaka kallon rabin gona wayam. Kama nan." Ya miƙo buhun farko daga bisa, na tara kafaɗa. Na yi ta kaiwa ina kwancewa ina juyewa, mutumin yana bina yana nuna inda ruwa ke kwanciya da inda yake wucewa. Cikin 'yan makonni ya riga ya san gonar. Takin ya ruɓa da kyau, ya yi ɗumi, toka ta shige shi. Wasu buhunan an yi musu faci da yankin tsohon zanen mai ɗakina. Na karkaɗe su ɗaya bayan ɗaya na ninke, don na san za ta tambaya. Da muka gama mutumin ya ce in an yanka zai aiko da dami. Na ce Allah ya kai mu. Ya raka motar har bakin hanya.

Na iso gida bayan la'asar. Mai ɗakina ta share bayan ɗakin ta yayyafa ruwa, ba alamar an taɓa ajiye wani abu a wurin. Na miƙa mata buhunan ta karɓa ta sa a ƙarƙashin gado. Ba ta tambayi abin da Kawu ya ce ba. Ta dubi ƙafafuna, ƙasar gonar ta manne musu har idon sawu.

Ta ce, "Ƙasar na da kyau?"

Na ce, "Tana da kyau. Baƙa ce, mai laushi."

Ta ce, "To." Ta je ta ɗebo mini ruwan wanka.